Yadda ake shirya doguwar tafiya a ƙasa ko a keke, daga hanyoyin ƙauyukanmu zuwa na ƙasashen waje

A ƙasashe da dama na duniya akwai hanyoyi masu tsawon ɗaruruwa ko dubban kilomita waɗanda aka tanada domin mai tafiya a ƙasa da mai keke, aka sa musu alamomi a jikin bishiyoyi da duwatsu, aka kuma samar da wuraren kwana da na ɗiban ruwa a gefensu. Mutane suna ɗaukar hutu su bi su na mako guda ko wata guda, wasu ma har rabin shekara, ba don fatauci ko neman magani ba, sai don motsa jiki da ganin ƙasa da samun natsuwa. Mutumin ƙauye a Kano ko Jigawa, wanda ya saba sammakon zuwa gona mai nisa ko taka keke zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ya riga ya mallaki babban kaso na abin da ake bukata tun kafin ya fara. Abin da ya rage masa shi ne lissafin zango, wato sanin inda zai sha ruwa, inda zai kwana, da abin da zai ɗauka tsakanin wannan zango da na gaba. Wanda ya gyara wannan lissafi yakan kai ƙarshen hanya ko da ba ƙaƙƙarfa ba ne, wanda kuwa ya ɓata shi yakan juyo tun a makon farko ko da ƙarfinsa ya kai ina.

Wannan lissafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro da shi madugunsu yake jan ayari, haka ma alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa har bakin Bahar Maliya. Tun zamanin Abbasiyawa ma, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa an haƙa rijiyoyi da tafkunan tara ruwa a kan hanyar alhazai daga Kufa ta Iraƙi zuwa Makka, mai tsawon kimanin kilomita 1,400, har yau kuma da sunanta ake kiran hanyar. Bambancin kawai shi ne hanyoyin da za a ambata a nan na nishaɗi ne, kuma akwai ƙungiyoyi ko hukumomi da ke kula da su.

Sanin irin hanyar kafin a zaɓe ta

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne zaɓen hanya saboda sunanta ya yi fice. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko hanyar tana bi ta cikin garuruwa ko ta cikin daji, domin a kan amsar ne nauyin kaya da yawan kuɗi da girman haɗari suka rataya.

Hanyoyin da ke bi gari zuwa gari su ne suka fi dacewa da mai farawa. Mafi shahara a cikinsu ita ce Camino de Santiago ta ƙasar Sifaniya, wadda babban reshenta ya taso daga wani ƙaramin gari na Faransa mai suna Saint-Jean-Pied-de-Port ya ƙare a birnin Santiago de Compostela, kimanin kilomita 780, tafiyar da yawancin mutane suke yi a cikin wata guda da 'yan kwanaki. Kibiyoyi masu ruwan ɗorawa da aka zana a bango da duwatsu suke nuna hanya, kusan kowane ƙauye kuma yana da masaukin matafiya mai gadaje da yawa a ɗaki guda, wanda kuɗinsa bai kai na otal ba ko kusa. Matafiyi yana riƙe da ɗan littafi da ake buga masa hatimi a kowane zango, kuma ana ba da takardar shaida ga wanda ya yi kilomita 100 na ƙarshe a ƙasa ko 200 a keke. Ya kamata mai karatu ya san cewa asalin wannan hanya ta ziyarar ibada ce ta Kirista, ko da yake a yau mabiya addinai daban-daban suna bin ta don tafiyar kawai; kowa sai ya auna wannan da kansa. Wanda ya fi son ƙasar da zai ji kiran salla a garuruwan da ke kan hanya yana da hanyar Jodan, wadda ta taso daga Umm Qais a arewa ta ƙare a Aƙaba a bakin teku, fiye da kilomita 650, ta bi ta tsohon birnin Petra da hamadar Wadi Rum, kuma ana cinye ta a kwana 40 ko kusa da haka. Akwai kuma hanyar Lycia a kudancin Turkiyya, tsakanin yankin Fethiye da na Antalya, wadda aka buɗe a 1999, tsawonta kuma ya haura kilomita 500.

Hanyoyin daji wani abu ne dabam. Appalachian Trail ta Amurka, wadda wani Ba'amurke mai suna Benton MacKaye ya kawo shawarar yin ta a 1921 aka kammala a 1937, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine, kimanin kilomita 3,500, kuma mai son gama ta a tafiya ɗaya yana bukatar wata 5 zuwa 7. A cikin kowane mutum huɗu da suka fara da wannan niyya, kusan ɗaya ne kawai yake kaiwa ƙarshe. Ba shekaru ne ke hana mutane ba, domin wata mata mai suna Emma Gatewood ta gama ta ita kaɗai a 1955 tana da shekara 67. Rauni da ƙarewar kuɗi da gajiyar zuciya ne suka fi mayar da mutane gida. Pacific Crest Trail, ita ma ta Amurka, ta fi ta tsawo, kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa iyakar Kanada, ta fara da hamada sannan ta hau tsaunukan da wani wurin ya kai mita 4,000. Te Araroa ta Niyu Zilan, wadda aka buɗe a 2011, ta kai kilomita 3,000, kuma ƙetare koguna a ƙasa na daga cikin manyan haɗurranta. A irin waɗannan hanyoyi mutum yana ɗauke da tanti da abincin kwana huɗu ko biyar a bayansa. A ganina babu dalilin da zai sa wanda bai taɓa kwana a cikin sanyin da ruwa ke daskarewa ba ya fara da su.

Mai keke kuwa ya fi kowa sa'a a Turai. Akwai tsarin EuroVelo mai manyan hanyoyi 17, ko da yake ba duka aka kammala ba. Ta shida a cikinsu ta taso daga bakin Tekun Atlantika a Faransa ta bi kogunan Loire da Rhine da Danube har Baƙin Teku a Romaniya, fiye da kilomita 4,000, kuma yankinta da ke tsakanin Passau ta Jamus da Biyana ta Ostiriya, kimanin kilomita 320, shimfiɗaɗɗe ne yana bin gangaren kogi, har iyalai da yara suna yin sa a mako guda. A Koriya ta Kudu akwai hanyar keke mai kilomita 633 daga Incheon zuwa Busan, da jajayen rumfuna a gefenta inda mai keke yake buga hatimi da kansa. A nahiyarmu, wadda ta fi sauƙin kaiwa ga ɗan Nijeriya ita ce Congo Nile Trail ta Ruwanda, kilomita 227 a gefen tafkin Kivu daga Rubavu zuwa Rusizi, kwana 10 a ƙasa ko kwana 5 a keke. Sai dai kada gajartarta ta ruɗi mutum, domin hawa da gangara ce daga farko har ƙarshe.

Horon jiki a gida

Ko wace hanya aka zaɓa, a gida ake shirya mata, kuma aƙalla wata uku kafin tafiya. Mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, don haka zangon kilomita 20 zuwa 25 a yini shi ne abin da yawancin matafiya suke ɗorawa a kai. Mai keke da kaya yakan yi 60 zuwa 80. Waɗannan lambobi ba su da wuya a rana ɗaya, wuyar tana cikin maimaita su gobe da jibi da gata. Saboda haka gwajin da ya fi amfani shi ne tafiyar kwana uku a jere da cikakken kayan da za a ɗauka, sannan a duba yadda jiki ya tashi a safiyar rana ta uku. Idan gwiwa ko agara ta kumbura, ko mutum ya kasa saka takalmi, to zangon ya yi tsawo ko kayan sun yi nauyi, sai a rage ɗaya daga ciki a sake gwadawa bayan hutu. A fara da kilomita 10, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, kada a ninka a tashi ɗaya.

Inda ƙasarmu ta gaza wajen horo shi ne hawa. Yawancin Kano da Jigawa fili ne, kuma ƙafar da ta saba da fili tana shan mamaki idan ta haɗu da tsauni, musamman wajen gangarowa, inda gwiwa take ɗaukar nauyin jiki da na jaka gaba ɗaya. Masu hawan tsauni suna da tsohuwar ƙa'ida ta ƙara awa guda a kan lissafin tafiya saboda kowace mita 600 ta hawa, don haka kilomita 15 a Ruwanda ko Turkiyya za ta iya cin yinin da kilomita 25 take ci a Taura. Mai shirin irin wannan hanya ya nemi duwatsun da ke kusa da shi, na Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure ko Rano, ya hau ya sauka da jaka a baya sau da yawa a mako. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara. Wasu hanyoyin ma, kamar ta kwazazzabon Fish River a Namibiya, ba a barin mutum ya shiga sai da takardar likita.

Lokacin horo da na tafiyar gida shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara zafi yana haura digiri 40, kuma tafiya da kaya a cikinsa ganganci ne. Da damina kuma fadamun Ringim da Auyo da Haɗeja suna cika, hanyar da aka sani jiya sai a tarar ta zama ruwa. Ko a hunturun ma a tashi bayan sallar asuba, a yada zango kafin rana ta take, a huta a inuwa har bayan azahar, sannan a ƙarasa da la'asar.

Ƙafa, ruwa da kaya

Babu abin da ke tsayar da matafiyi kamar ƙafa, kuma yawanci ƙaramin bororo ne mafari. Kada a tafi da sabon takalmi. A saya da wuri, a sa ya ɗara girman ƙafa kaɗan saboda ƙafa tana kumbura da yamma, a yi ta tafiya da shi har ya saba. Safa ta zama mai kauri wadda ba auduga zalla ba, domin auduga tana riƙe gumi, fatar da ta jiƙa kuma ita ce ke saurin salewa. A riƙe safa biyu ko uku, a wanke ɗaya a rataye ta a bayan jaka ta bushe ana tafiya. Da zarar an ji wani wuri a diddige ko ɗan yatsa ya fara zafi, a zauna nan take a cire takalmi, a kakkaɓe yashi, a share wurin ya bushe, a manna filasta a kai. Mutane da yawa suna jin kunyar tsayar da abokan tafiya saboda ɗan zafin diddige, sai su daure har zango, su cire safa su tarar fata ta ɗaye, tafiyar kwana uku ta lalace saboda minti biyar da aka ƙi bayarwa. Alwala ma taimako ce a nan, domin tana sa a cire takalmi a duba ƙafa sau da yawa a yini, muddin an bari ta bushe sarai kafin a mayar da safa.

Ruwa shi ne ke yanke tsawon zango. A yanayi mai sauƙi mai tafiya yana bukatar kimanin rabin lita a awa, a zafi kuma ya fi haka sosai, ga kowace lita tana da nauyin kilo guda. Don haka kafin a bar kowane wuri a tabbatar da inda ruwa na gaba yake, kuma a tambayi mutum biyu, domin famfon tuƙa-tuƙa da ake cewa yana nan wataƙila ya lalace tun bara. Ruwan rafi ko na kududdufi ko na rijiyar da ba a rufe ba, a tafasa shi ya yi minti guda yana tafasa, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, ko da kuwa ya yi garau a ido. Wanda gumi ya yi masa yawa ko gudawa ta kama shi ya haɗa ruwan gishiri da suga: ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Launin fitsari shi ne ma'auni mai sauƙi. Idan ya yi duhu, ruwan da ake sha bai isa ba. Jiri da ciwon kai da rikicewar magana a cikin zafi alamun haɗari ne, a kai mutum inuwa a jiƙa jikinsa a nemi asibiti.

Game da kaya, ƙa'idar masu bin hanyoyin gari zuwa gari ita ce kada jaka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikin mai ita, masu kwana a daji kuma kada ta wuce kashi 20. Mai kilo 70 ke nan jakarsa ta tsaya a kilo 7 idan zai kwana a masauki. Kaya kala biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a jaka, sai hula mai faɗi ko rawani, tocila, ɗan bargo, gidan sauro idan a gida ne, sabulu, magungunan da aka saba sha, da batirin cajin waya. Jakar ta zama mai ɗamara a ƙugu domin nauyi ya sauka a kwankwaso ya bar kafaɗa. Guzurin gida ya wadatar: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, garin kwaki da suga, da kilishi. Amma a kula, ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Niyu Zilan sun hana matafiyi shiga da nama irin wannan, don haka kilishi da dambun nama su tsaya a gida, in ba haka ba a ƙwace su a filin jirgi, wani lokaci har da tara. A Niyu Zilan har takalmi da tanti ake dubawa kada su shigo da ƙasa ko irin ciyawa a jikinsu.

Abin da mai keke zai ƙara

Ba dole ne keken ya zama mai tsada ba, amma dole ne ya zama daidai da tsawon mai shi, da kariya mai ƙarfi, da birki mai kamawa gaba da baya. Keken da ba shi da giya zai yi aiki a filin Jigawa da gefen Danube, amma ba zai yi a Ruwanda ba. A ɗaga sirdi har ƙafa ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, domin sirdin da ya yi ƙasa shi ne ke jawo ciwon gwiwa. A raba kaya gida biyu a gefen kariya, masu nauyi a ƙasa, kada a goya su a baya. A arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari da Ɓaɓura, rairayi ne babban abokin gaba, sai taya mai faɗi da aka ɗan rage mata iska, wani wurin ma sai an sauka an tura. A ƙasashen waje kuma a tuna cewa Ingila da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu hannun hagu suke bi.

Duk mai niyyar doguwar tafiya ya zauna wurin mai faci na garinsu ya koyi aikin da hannunsa, domin tsidau da ƙayar aduwa ba sa jiran a iso gari. A cire gefe guda na taya, a zaro tif, a hura masa iska a tsoma shi a ruwa a ga inda yake kumfa, in babu ruwa a kai shi kusa da leɓe a ji inda iska ke fita. A kankare wurin da samfefa, a shafa sholisho siriri, a jira ya sha iska har ya daina ƙyalli, sannan a manna faci a danne da ƙarfi. Matakin da aka fi mantawa shi ne shafa cikin tayar da yatsa a hankali har a gano ƙayar a cire ta. Wanda ya tsallake wannan zai sake zama a gindin wata bishiyar kafin ya yi kilomita guda. Bayan kayan faci a riƙe famfo, tif guda na ajiya, sifana, man kaca, da wayar birki.

Takardu, yanayi da ibada

Ga ɗan Nijeriya, biza takan fi tafiyar kanta wuya, don haka a fara da ita kafin a sayi komai. Bizar Shengen, wadda ta haɗa Sifaniya da Faransa da Jamus da Ostiriya, ba ta ba da izinin zama fiye da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 da shaidar kuɗi da ta masauki. Wannan ya ishi mai bin Camino ko Danube. Ruwanda kuwa tana ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin shiga na kwana 30 a filin jirgi, wanda ya sa na ce ta fi sauƙin kaiwa. A riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo, a kuma sake tabbatar da ƙa'idojin shiga daga ofishin jakadancin ƙasar dab da tafiya, domin suna canzawa.

Kowace hanya tana da lokacinta. Masu bin Appalachian daga kudu suna tashi a Maris ko Afrilu domin su isa Maine kafin sanyin tsakiyar Oktoba. Camino ta fi daɗi a Mayu da Yuni da Satumba, hanyar Jodan kuma a Maris da Afrilu ko bayan zafi ya karye. A Niyu Zilan yanayi a juye yake, Disamba da Janairu ne lokacin ɗumi. Sanyin tsauni ba irin na hunturunmu ba ne, yana zuwa da ruwa da iska, kuma jiƙaƙƙiyar rigar auduga a cikinsa tana iya halaka mutum; a nemi rigar ruwa ta gaske da rigar ulu. Daga tsayin mita 2,500 zuwa sama iska tana raguwa, ciwon kai da amai sukan kama wanda ya hau da gaggawa, maganinsu kuma saukowa.

A mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, kimanin kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda zai koma cika salla. Malamai sun yi magana a kan hukuncin ƙasaru a tafiyar da aka yi don wasa zalla, don haka matafiyi ya zauna da malaminsa ya bayyana masa manufar tafiyar kafin ya tashi, ya kuma sake bitar hukuncin taimama. Alƙibla ma tana bukatar lura, domin mun saba fuskantar gabas har mun ɗauka ko'ina haka ne. A Jodan kudu ake fuskanta, a Jamus kudu maso gabas, a Amurka arewa maso gabas, a Koriya kuma yamma. A ƙauyukan Sifaniya naman alade yana shiga miya da wake da abubuwan da ba a zata ba, saboda haka a haddace yadda ake tambaya da harshensu, ko a tsaya a kan burodi da ƙwai da kifi da cuku.

Tsara hanya a ƙasarmu

Yawancin masu karanta wannan ba za su je Sifaniya bana ba, kuma babu abin da ya hana su tsara tasu hanyar a nan. Kogin Haɗeja jagora ne mai kyau: daga Wudil ya bi ta Ringim har Haɗeja, ya wuce zuwa dausayin Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye daga Turai suke sauka da hunturu, kuma ƙauyuka a gefensa ba su da nisa da juna. Mai son duwatsu yana iya haɗa Dutse da Birnin Kudu, ya ga tsofaffin zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ana iya daidaita zangon da ranakun kasuwa, a kwana Maigatari daren Alhamis ko a isa Wudil ranar Juma'a, domin ranar kasuwa abinci da mota da labarin hanya duk suna samuwa. A sauke taswirar yankin a waya tun ana inda akwai intanet, da manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps waɗanda ke aiki ba tare da sabis ba, amma kada a fifita waya a kan bakin mutanen gari, domin su suka san burtalin da aka nome da mashigin da ya zurfafa.

Tsaro shi ne sharaɗin farko. A tafi mutum uku ko huɗu, mata kuma a cikin rukuni tare da muharraminsu, kowa da katin ɗan ƙasa a aljihu, a bar wa na gida jerin zangon da lokacin da za a kira su kowace rana. Kada a yi tafiyar dare, kada a shiga daji irin na Falgore ba tare da an tambayi hukuma da mutanen yankin halin da ake ciki a wannan makon ba, kuma duk inda aka ce kada a bi, a canza hanya ba tare da gardama ba. Baƙi da jakunkuna a baya suna tayar da hankalin ƙauye a wannan zamani, don haka idan an isa gari a nufi ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci tun da sauran rana, a cire takalmi a durƙusa a gaishe shi, babba a cikin matafiyan ya ce, "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga gari kaza, tafiyar motsa jiki muke yi zuwa Ringim, muna neman izinin kwana a garinka." A nuna masa kati ko takardar da dagacin garinku ya rubuta, a bar shi ya zaɓi inda za a sauke ku, zaure ne ko makaranta. A riƙe ɗan goro ko sabulu na yaba kyauta, kada a ɗauki hoton mata ko gidaje ba da izini ba, a kuma share wurin da aka kwana a tafi da ledojin da aka zo da su. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a saka saboda kunama. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A hana shi motsa gaɓar, a ɗauke shi a abin hawa zuwa asibiti mafi kusa.

Mutum ɗaya a cikin rukunin ya riƙe littafi ya riƙa rubuta nisan kowane zango da awannin da ya ci, inda aka sami ruwa da irinsa, garin da ke da mai faci ko shagon magani, da wurin da rairayi ko laka ya tilasta a sauka daga keke. Idan an kunna manhajar taswira tana iya ajiye layin da aka bi, a tura wa wasu su buɗe a wayoyinsu. Rukunin da zai biyo baya ya tafi da wannan rubutu, ya gyara abin da ya canza, ya sa kwanan watan da ya ga kowane famfo yana aiki ko ya lalace.